Tambayi Matuƙi: Ranar da Jirgi Ya Wuni a Ɗaure

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suke zagayawa, wato ranar nan da jirgin yawon shaƙatawa ke wuni a tasha ba a kwance igiya ba. Na zaɓi kaɗan daga ciki, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da abokaina muka haɗa kuɗi muka ɗauki hayar ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai na mako guda a tsibiran ƙasar Girka cikin watan Agusta, tare da kyaftin ɗin da aka haɗa mu da shi. Rana ta huɗu da safe ya ce ba inda za mu, a tasha za mu wuni. Wallahi sama garau take, ko ɗigon girgije babu, iska ce kawai ke kaɗawa. Haka muka rasa tsibiri guda cikin waɗanda muka tsara gani. Har yau abin yana cina. Anya ba cutarmu ya yi ba? In na sake zuwa, ina da ikon in ce sai an tafi?

Amsa: Ɗana, bai cuce ku ba. Da ni ne a kan sitiyarin nan, abin da zan yi ke nan, kuma zan yi barci da daddare hankalina kwance.

Iskar da ka gani sunanta meltemi. Daga arewa take busowa a kan tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya duk bazara, kuma a Yuli da Agusta ta fi tsanani. Busasshiyar iska ce, ba ta zuwa da hadari, shi ya sa ka ɗaga kai ka ga sama fes. Nan ne baƙo ke ruɗuwa, domin ya saba cewa sai gari ya haɗu sannan ake neman mafaka. Meltemi takan kwana biyu, uku, wani lokaci har fiye, tana bugawa ba sassauci. Idan ta shiga matsatsin da ke tsakanin tsibiri da tsibiri sai ta ƙara gudu, idan kuma ta haye dutse sai ta gangaro ta bayansa da duka mai ƙarfi a daidai wurin da mutum ke zaton ya sami inuwar iska. Raƙuman ruwan da take tayarwa gajeru ne masu tsayi, suna bin juna kusa da kusa. Ƙaramin jirgi bai gama sauka daga wannan ba wancan ya mare shi. Kai kuwa kana zaune cikin tasha, bango ya kare ka, abin da ke isowa gare ka ɗan saura ne.

Matuƙa suna auna iska da ma'aunin Beaufort, wanda wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga mataki 0 zuwa 12. Mataki na 6 iska ce mai gudun mil 22 zuwa 27 na teku a awa ɗaya, na 7 kuwa 28 zuwa 33, na 8 daga 34 zuwa 40. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Meltemi takan kai mataki na 7 cikin sauƙi, tana kuma iya wuce nan. Ga wani abu da lambobin ba sa nunawa kai tsaye: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take tura filafilai da shi sau huɗu yake ninkawa. Saboda haka tazarar da ke tsakanin iskar da kuka ji daɗinta ranar farko da wadda ta hana ku fita ba ƙarama ba ce.

Jirgin kansa zai iya jurewa. Ku ne abin dubawa. Kyaftin ɗinku ya kwana uku yana kallonku. Ya san wanda zuciyarsa ke tashi da zarar an fita daga bakin tasha, ya san wanda bai iya riƙe igiya ba tukuna, ya san cewa idan mutum ɗaya ya zame ya faɗa ruwa a irin wannan yanayi, shi kaɗai ne zai juya jirgi, ya sauke filafilai, ya kuma ciro shi. Sannan akwai lissafin komawa. Mai bin meltemi zuwa kudu tafiya yake cikin daɗi, amma jirgin haya dole a mayar da shi inda aka ɗauko shi a ranar da aka rubuta, kuma in tashar tana arewa, duk milin da aka gangara sai an hau shi da duka a fuska.

Batun iko kuwa, a kan ruwa maganar kyaftin ce ta ƙarshe, domin shi doka za ta tambaya in wani abu ya faru. Ka duba takardar yarjejeniyar hayarku ma, da yawa daga cikinsu suna da sharaɗin da ya hana fita idan iska ta kai wani mataki. Abin da kake da iko a kai shi ne tambaya. Da yamma ka ce masa ya nuna maka hasashen yanayi, ya faɗa maka ina iskar za ta fito, yaushe ake sa ran ta lafa. Kyaftin na kirki yana son a tambaye shi. In kuma za ka sake zuwa, ka tsara tafiyar kwana biyar a cikin bakwai. Sauran biyun ka bar wa iska. In ta karɓa, ba ta rushe maka komai ba. In ta bar muku, kun sami ranar da za ku wuni a tsibirin da ya fi kwanta muku a rai.

Tambaya: Malam, ni da maigidana mun sayi tsohon jirgi mai tsawon mita 11, muna bin gaɓar Fotugal sannu a hankali, niyyarmu Bahar Rum. Duk ranar da muka ce ta hutu ce, sai mu kwana da gajiyar da ta fi ta tafiya. Shi yana cikin inji tun safe har dare, ni ina fama da wanki da cefane. Kai yaya kake raba taka ranar?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan tambayar ta fi kowacce shiga raina, domin na ga ma'aurata da dama sun sayar da jirgin da suka daɗe suna mafarkinsa saboda wannan gajiyar da kika faɗa.

Tawa ranar tun daren isowa take farawa, da igiyoyi. Ba na kwanciya sai na ɗaure jirgi ɗaurin da zai bar ni in yi barci: igiya a gaba, igiya a baya, da wasu biyu a karkace masu hana shi zuwa gaba da dawowa baya, sannan matasan roba tsakaninsa da bango. Duk inda igiya ke gogar ƙarfe ko siminti nakan saka mata guntun tiyo, domin dare ɗaya na jijjiga ya isa ya cinye ta. A gaɓar da kuke bi, teku tana cika ta janye sau biyu a rana, kuma a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa bambancin yakan kai mita 3 ko ya ɗan wuce. In gadar da kuka ɗaure a jiki mai shawagi ce, tare za su hau su sauka. In bangon siminti ne, ku saki igiya da tsawo, kada ruwa ya janye jirgi ya rataye.

Daga nan sai barci, kuma ba a saita agogo. A teku barci guntu-guntu ake yinsa, awa uku ko huɗu a tashi a karɓi sitiyari, kuma bashin nan taruwa yake yi. Mai bashin barci shi ke karanta taswira a karkace, shi ke mantawa bai rufe famfon gas ba, shi ke tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kada ɗayanku ya ta da ɗaya.

In an tashi an karya, jirgi ne farko, kamar yadda mahayi ke shayar da dokinsa kafin ya nemi nasa ruwan. Inji na sanyi, shi ne lokacin dubawa. A zaro sandar auna baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Baƙi ba laifi ba ne a injin dizal. Abin tsoro shi ne a gan shi ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, wannan ruwa ne ya shiga, kuma ba a tayar da injin sai an gano ta ina. A danna fambel da babban yatsa, ya ɗan lotsa kamar santimita ɗaya. In an ga baƙar ƙura a ƙarƙashinsa, cinyewa yake yi. Sai matacin ruwan teku da ke sanyaya inji: a rufe famfonsa na ƙasan jirgi, a buɗe murfi, a kwashe ciyawa da leda, a mayar a ɗaure. Ni da zarar na rufe famfon nan nakan rataye makullin inji a jikin hannunsa, ta yadda ba yadda za a yi a tayar da inji ba a buɗe shi ba. Dalili kuwa, akwai wata 'yar farfelar roba a cikin famfon ruwa, in ta juya a bushe cikin 'yan mintoci take ƙonewa ta ɓaɓɓalle. Ku riƙa tafiya da sabuwa a ajiye.

Wurin da nake so ku fi tsura wa ido shi ne ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashin filtar dizal. Ki haska shi da tocila. Dizal mai kyau garau yake. In kin ga wani layi a ƙasa, ruwa ne ya kwanta, domin ya fi mai nauyi. In kin ga baƙin abu mai yauƙi, ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a mahaɗar ruwa da mai a cikin tanki. Tsohon jirgi irin naku kusan ba ya rasa wannan dauɗar a gindin tankinsa. Tana nan kwance lafiya har ranar da teku ta yi tsanani ta girgiza tankin, sai ta taso ta toshe filta, injin ya mutu a daidai bakin tasha, inda duwatsu ke dama da hagu. Mashigar tashoshi da yawa a gaɓar Fotugal bakin kogi ne mai tudun yashi, wurin da ba a son inji ya ko yi tari. Minti goma na ranar hutu ke hana wannan.

Bayan inji, a ɗaga katakon daɓe a leƙa ƙasan jirgi. In akwai ruwa, a gane na daɗi ne ko na gishiri: na daɗi daga tanki ne ko ruwan sama, na gishiri kuwa sai an bi sawunsa. A sunsuna ma, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya can ƙasa yake taruwa. A duba batir: mai ƙarfin bolt 12 na gargajiya in ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.7, in ya sauko 12.2 ya kai rabi, kuma yawan wuce rabi yana rage masa kwana. Sannan a hau sama a wanke gishiri da ruwan daɗi, a zagaya jirgi sannu ana duba kowace ƙusa da kowane ɗinki na filafilai. In kin tsinci ɗan ƙarfe ko noti a kan bene, kada ki jefar. Daga wani wuri ya faɗo, kuma sai an gano wurin.

Yanzu ga saƙona ga maigida, ki karanta masa. Yallaɓai, rana na take tsakar ka, a rufe akwatin kayan aiki. Aikin da in ba a yi shi ba jirgi ba zai fita lafiya ba, shi kaɗai ke da hurumin wuce wannan lokaci. Sauran a rubuta a littafi. Jirgi ba ya taɓa rasa abin gyara, wanda ya ce sai ya gama kafin ya huta ba zai huta ba har ya sayar. Kada kuma a warware abin da ke aiki lafiya da yammar Asabar, a gari da shagunan kayan jirgi ba sa buɗewa Lahadi.

Rabon aikin naku ma ban yarda da shi ba. Ku shiga inji tare, ku je cefane tare. Ba don adalci kaɗai ba. Ku biyu ne a jirgin nan, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi a tsakiyar teku ke ce kyaftin, ke ce makanike. Hannunki ya san inda famfon ruwan nan yake ko a cikin duhu.

Tambaya: Baba, da muka sauka bayan kwana uku a teku sai na ji ƙasa tana lilo da ni, har na dafa bango a banɗaki. Ciwo ne?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. A cikin kunne akwai sashen da ke kula da daidaiton jiki. Shi da ƙwaƙwalwa sun kwana uku suna koyon motsin jirgi har suka saba, da kika taka ƙasa sai suka ci gaba da jiran motsin da babu shi. Ya fi tsananta a ƙaramin ɗaki rufaffe, ko in an rufe ido, shi ya sa banɗaki ya fi kama ki. Ki fita fili ki yi tafiyar ƙafa, ki sha ruwa sosai, ki yi barci. Yawanci cikin awoyi yake wucewa, ko kwana ɗaya zuwa biyu. Kada ki tuƙa mota ko babur muddin kina jinsa. In ya ɗauki makonni bai tafi ba, ko ya zo da ɗaukewar ji ko matsanancin ciwon kai, sai ki ga likita.

Tambaya: Malam, ba kullum aljihu ke ɗaukar kuɗin tasha ba, sai mu jefa anga, ƙarfen nan mai ƙugiya da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, a wani lungun teku mu kwana. Zan iya barin jirgi ba kowa in shiga gari in wuni?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, amma sai angar ta ba ka dalilin yarda da ita. Nauyinta ba shi ke riƙe jirgi ba. Kafewa take yi a cikin yashi ko laka, kuma ba ta kafewa sai an ja ta a kwance. Saboda haka ake sakin sarƙa mai tsawon aƙalla ninki huɗu na zurfin ruwa, in igiya ce ninki shida ko fiye, kuma da zurfin lokacin cikar teku ake lissafi, ba na lokacin da ka iso ba. In ka saki, ka sa inji a baya sannu, ka ƙara wuta kaɗan kaɗan, ka ɗora hannu a kan sarƙar. In tana karkarwa tana tsalle, jan ƙasa take yi. In ta miƙe ta yi shiru, ta kama. Sai ka nemi abu biyu a tudu da suka yi layi ɗaya, misali bishiya da kusurwar gini a bayanta, ka riƙa dubawa. Muddin suna nan a jere, kana inda kake.

Ni ba na barin jirgi sai na ga ya juya sau ɗaya a kan angarsa, da sauyin ruwa ko na iska, ya sake zama daram. A wurin juyawar nan ce anga ke tumɓukewa. In hasashe ya ce iska za ta koma tana busowa daga teku zuwa cikin lungun, ranar ba ta yawo ba ce, mutum ɗaya ya zauna.

Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan rana ɗan kwalekwalen robar da ke kai ku tudu ne. Mutane sukan ƙetare teku lafiya, su zo su halaka a 'yar tazarar da ke tsakanin gaɓa da jirginsu, da daddare, an cika kwalekwale da kaya, ba rigar ceto a jikin kowa. Ka sa rigar. Ka ɗaura igiyar kashe inji a ƙafarka, ta yadda in ka faɗa ruwa injin zai mutu nan take. Ka ɗauki sandunan tuƙi da hannu ko da inji na aiki, da tocila, da 'yar oba-oba a cikin jakar da ruwa ba ya shiga, ka san cewa layi na 16 shi ne na neman agaji a ko'ina. A gaɓa ka ja kwalekwalen ya wuce iyakar da ruwa ke kaiwa, za ka gane ta da layin ciyawa da tarkacen da teku ta bari. In akwai yiwuwar dare ya same ka, ka kunna farar fitilar anga kafin ka tafi.

Tambaya: Idan muka isa wata ƙasa da dare muna son mu huta kwana ɗaya kawai mu wuce, dole sai mun je wurin jami'ai?

Amsa: Dole ne, Alhaji, in dai daga wata ƙasa kuka fito kuma ba yarjejeniyar da ta ɗauke muku. Ana ɗaga tuta ruwan ɗorawa zalla, alamar cewa jirgi ya iso yana neman izinin shiga, kuma a tashar da hukuma ta ware don shigowa ake fara tsayawa. Kyaftin ne ke sauka da fasfo ɗin kowa da takardun jirgi da na inshora da jerin sunayen mutanen ciki, sauran su jira a jirgi har a gama da kwastan da jami'an shige da fice. Bayan nan a sauke ta ɗorawar a ɗaga ƙaramar tutar ƙasar don girmamawa. Ka tambayi lokacin tashi daga aiki tun ranar isowa, domin wasu ƙasashen sai an buga maka hatimin fita kafin ka kwance igiya, kuma wanda ya shirya tashi da asuba ya tarar da ofis a rufe ya ƙara kwana. Masu yawo a ƙasashen Turai na yankin Shengen da bizar ziyara su tuna cewa kwana 90 ne a cikin kowane 180, kuma ranar hutu ma ana ƙirga ta.

Tambaya: Malam, ni ba ƙaramin jirgi zan shiga ba, irin manyan nan ne masu ɗaukar dubban fasinjoji. An ce za mu wuni a wata tasha. Me zan kiyaye?

Amsa: Hajiya, agogo. Babban jirgi yana da lokacin da ya ce kowa ya dawo ciki, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa ya makara. Wani lokaci agogon jirgi da na garin ba ɗaya ba ne, wayarki kuwa da kanta za ta koma na garin ba ki sani ba. Ki ɗaura agogon hannu ki saita shi da na jirgi. A takardar shirin rana da ake rabawa akwai lambar wakilin jirgin a wannan tasha, ki ɗauki hotonta. Ki fita da maganin da kike sha kullum. In wurin da kike son gani yana da nisa, ki bi tawagar da jirgin ya shirya, ita ce ake jira in hanya ta cushe. In kuwa jikinki ya gaji, zama a ciki ma ba asara ba ne, ranar ce jirgin ke zama shiru kowa ya watse.

Tambaya: Mu huɗu ne za mu dawo da jirgi daga Karibiyan zuwa Turai, za mu ya da zango a tsibiran Azores da ke tsakiyar Tekun Atlantika. Tun yanzu ana gardama: wani na son a zagaye tsibiri duka, wani na son barci. Yaya za a yi kowa ya gamsu?

Amsa: Ku rabu, ɗana, na 'yan awoyi. Tafiyar da za ku yi kafin ku ga ƙasa makonni ce, ku huɗu a ɗaki ɗaya mai motsi, kowa ya haddace tarin kowa. Ba ƙiyayya ba ce in mutum ya so ya yi tafiyarsa shi kaɗai. A gama aikin jirgi tare da safe, a sa lokacin haɗuwa cin abincin dare, tsakanin nan kowa ya kama gabansa, mai barci kuma a bar shi.

Ga mai son yawo, shawarata abu ɗaya ya zaɓa ya gan shi da kyau. In Horta kuka sauka, a tsibirin Faial, inda mafi yawan masu wannan ƙetarawa ke tsayawa, ba sai ya je nesa ba. Bangon tashar da daɓenta cike suke da zanen fenti da matuƙa suka bari, kowane jirgi da sunansa da shekararsa da sunayen mutanensa, sabo a kan tsoho, wasu rana da gishiri sun kusa shafe su. Awa biyu ba ta isa a karance su. In yana da sauran ƙarfi, ya je ƙarshen tsibirin ta yamma, Capelinhos, inda dutse ya yi aman wuta daga cikin teku a 1957 zuwa 1958, ya ƙara wa tsibirin sabuwar ƙasa ta toka, ya binne ƙasan hasumiyar fitilar jirage da ke wurin. Wannan kaɗai ya ishi wuni.

Amma kafin duhu kowa ya dawo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A cika tankin ruwa, a bar tiyo ya zuba na ɗan lokaci tukuna don ruwan da ya kwana a cikinsa ya fita. A cika dizal, a biya kuɗin tasha tun ofis na buɗe. A dafa abincin kwana biyun farko a ajiye, domin bayan hutu ciki yakan manta teku, kuma ba wanda zai so tsayawa gaban murhu a ranar farko. Mai shan maganin tashin zuciya ya sha kafin a fita, kamar yadda takardar maganin ta ce, ba sai amai ya fara ba. A ɗaure duk abin da aka warware, a kulle kowace taga. Sannan ku huɗun ku zauna a kan taswira da hasashen yanayi na kwanakin da ke gaba. Daga Azores zuwa gaɓar Fotugal tafiyar wajen mako guda ce a ƙaramin jirgi, zuwa Ingila kuwa ta fi haka, kuma hasashe ba ya da tabbas sosai bayan 'yan kwanaki, don haka ku san tun a tasha ta wace hanya za ku riƙa karɓar sabo a teku. Ku rubuta wa ke da sitiyari daga ƙarfe nawa zuwa nawa, ku aika wa wani a tudu ranar tashinku da ranar da ake sa ran isarku. In hasashen ya nuna guguwa na tafe a kan hanyarku, ku koma ofis ku biya kuɗin wani daren.